Ba Nauyi Kaɗai Ke Sa Zafi Ya Tura Ruwa Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana malaman kimiyya kan wani giɓi da ke cikin yadda muke koyar da darasin zafi. Abin da muka saba faɗa wa ɗalibai shi ne, ruwan da ya ɗauki zafi nauyinsa yakan ragu ya taso sama, mai sanyi kuma ya nutse, ta haka ruwan tukunya ke juyawa. Wannan gaskiya ne idan ruwan yana da zurfi. Amma da zarar ya zama falle shara-shara, wani ƙarfi dabam ne ke riƙe da ragama, kuma binciken da aka yi a kan ruwan kiristal, dangin sinadarin da ke cikin allon wayoyi da talabijin da yawa, ya fito da shi fili ƙarara.

Saman kowane ruwa a ɗame yake, domin ƙwayoyin da ke can sama suna jan junansu, kuma a yawancin ruwaye wannan ɗamewa tana raguwa idan zafi ya ƙaru. Saboda haka idan gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi, gefen sanyi ya fi ƙarfin ja, sai ya rinjayi na zafi ya janye saman ruwan zuwa wajensa, saman kuma ya tafi da abin da ke ƙarƙashinsa. Duk wanda ya tsaya a teburin mai shayi ya gani da idonsa. Idan aka zuba ɗan mai a kasko aka ɗora a wuta kafin a fasa ƙwai, man yakan guje daga tsakiya inda harshen wutar ke bugawa ya taru a gefe, har tsakiyar ta bushe, ƙwai ya kama a nan. Ana danganta wannan al'amari da sunan Carlo Marangoni, ɗan ƙasar Italiya da ya yi nazarin irinsa a 1865.

Ba ɗalibanmu kaɗai ne wannan ya taɓa shige wa duhu ba. A 1900 Henri Bénard na Faransa ya ɗumama wani falle na mai daga ƙasa, ya ga samansa ya kasu gida-gida masu kusurwa shida. A 1916 Rayleigh na Ingila ya kawo lissafin da ya jingina irin wannan juyawa ga bambancin nauyi, aka karɓa hannu bibbiyu, sai a shekarun 1950 wasu masana biyu, Block da Pearson, suka nuna cewa a falle marar kauri irin na Bénard ɗamewar sama ce ke yin aikin.

Ruwan kiristal abu ne da ke kwarara kamar ruwa, amma ƙwayoyinsa dogaye ne kuma suna jeruwa su fuskanci wuri ɗaya. Friedrich Reinitzer ne ya fara cin karo da shi a birnin Firag a 1888, lokacin da ya ga wani sinadari ya narke ya yi gurɓi-gurɓi a wajen digiri 145, sannan ya washe tas a wajen digiri 178. A wani nau'insa ƙwayoyin suna shiryuwa hawa-hawa, kowane hawa kaurinsa kusan nanomita 3 (nanomita ɗaya shi ne ɗaya bisa miliyan na milimita), kuma wannan shiri ne ke sa a iya shimfiɗa shi a bakin wani ɗan rami ya tsaya a iska kamar kumfar sabulu, sai dai shi ba ya tsiyayewa ya fashe nan da nan. Falle irin wannan, wanda bai kai ɗaya bisa dubu na milimita ba, kusan dukkansa sama ne, nauyinsa bai taka kara ya karya ba. A ganina, babu abin da ya fi shi dacewa da gwada ko ɗamewar sama kaɗai za ta iya tura ruwa.

Matsalar ita ce, a doron ƙasa iskar da ke kewaye da fallen ita ma tana ɗaukar zafi ta taso, kuma saboda rashin kaurinsa sai ta ja shi ta dagula abin da ake son aunawa. Wannan ya sa masana daga jami'ar Magdeburg ta Jamus suka sanya gwajin a cikin roka ta shirin TEXUS, wadda ake harbawa daga arewacin Suwidin, tana ba da kimanin minti 6 na rashin nauyi kafin ta dawo. Sun sa zafi a gefe ɗaya na fallen, sanyi a ɗayan. Sakamakon da suka wallafa a 2019 ya nuna cewa ko bambancin zafin ƙanƙani ne, sinadarin yakan kama hanya daga gefen zafi ya je ya taru a gefen sanyi, alhali babu sama babu ƙasa a wurin balle a ce mai zafi ya taso.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, akwai ruwan kiristal da ɗamewar samansa ke ƙaruwa idan ya yi zafi, kuma a irinsa tafiyar juyawa take yi, daga sanyi zuwa zafi. Bayanin nauyi ba shi da ta cewa a nan, domin ba zai iya gaya mana dalilin da zai sa sinadarai biyu, a yanayi iri ɗaya, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma ba. Ya kamata in ƙara da cewa ruwan kiristal na allon waya a rufe yake tsakanin gilasai biyu, ba shi da saman da ke haɗuwa da iska, don haka kada wani ya ɗora wa wannan al'amari laifin baƙin tabon da ke fitowa a allo.

Wannan juyawar hanya tana da tasiri har a shagon mai walda. Narkakken ƙarfen da ke ƙarƙashin wutar walda shi ma ɗan tafki ne mai zafi a tsakiya. Idan ƙarfen ba shi da farar wuta sosai, samansa yakan gudu zuwa gefe, walda ta yi faɗi ba zurfi. Idan kuwa akwai ɗan adadi nata, tafiyar takan koma tsakiya ta nutsa da zafin ƙasa, walda ta shiga sosai.

Roƙona ga malamai shi ne, idan mun zo darasin yadda zafi ke motsa ruwa, mu kawo dalilan nan biyu tare, wato bambancin nauyi da ɗamewar sama, mu bayyana wa ɗalibi cewa kaurin ruwan ne ke raba gardama tsakaninsu. Kasko, cokalin mai da risho sun isa a nuna na biyun a gaban aji. Ku kuma, Edita, ina fata shafinku na ilimi zai riƙa ba irin waɗannan batutuwa wuri da harshen Hausa.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin kimiyya a makarantar sakandare, Zariya