Giranda ba injin folish ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja kunnen ’yan’uwana masu kwale-kwalen faiba (wato na zaren gilashi), musamman mu da ke neman abinci a bakin ruwan Legas. Idan rana da gishiri suka cinye fatar jirgi, wadda muke kira jelkot, sai ka shafa hannu ka ga farin gari kamar alli. To, a nan ne wasu ke ɗauko giranda ta masu walda su ɗaura mata soso don su goge jirgin ya yi ƙyalli. Ni ma na yi wannan gangancin. Giranda tana juyi kusan 11,000 a minti, aikin kuwa tsakanin 1,200 da 1,800 yake so. Kafin in ankara gefen jirgin maigidana ya ƙone, zaren faiba ya leƙo. Kaurin jelkot ɗin gaba ɗaya kusan rabin milimita ne kawai fa.

Wanda zai saya ya nemi injin folish mai maɓallin rage gudu, irin Makita 9237, da soson gashin tunkiya. Akwai kuma wani injin mai juyi yana karkarwa, wanda masu wankin mota suka fi so. Ga ɗan koyo ya fi lafiya, amma a kan jirgin da ya koɗe sosai sai ka wuni ba ka gama gefe ɗaya ba.

A ɗaga injin a ji nauyinsa tun a shago, don kilo 3 a sama da kafaɗa ba wasa ba ne. Kuma a fitar da jirgi tudu kafin a jona wuta.

Naka,
Wani mai gyaran jirgin ruwa, Legas