Wasiƙar Godiya ga Sarkin Pawa da Mahautan Rumfar Naman Unguwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Sarkin Pawa, bayan gaisuwa mai yawa gare ka da dukkan mahautan da ke aiki a ƙarƙashinka, na ga ya dace in rubuta wannan wasiƙa inda jama'a za su karanta, domin godiyar da ake yi a tsaye a bakin teburin nama, cikin hayaniyar ciniki da ƙarar sara, ba ta kai girman abin da kuka yi wa gidana ba.

Kusan shekara guda ke nan da na rage tuwo da shinkafa da burodi, na mayar da nama da ƙwai da kifi su ne ginshiƙin abincina, da sanin likitan da ke duba ni, wanda har yanzu nake komawa wurinsa ana gwada jinina. Duk wanda ya shiga irin wannan tsari ya san cewa farfesu da naman miya kullum suna gundura, shi ya sa na karkata ga gashin da Turawa ke kira sitek, wato yanki guda mai kauri na naman sa, a barbaɗa masa gishiri, a gasa shi a kasko mai zafi har bayansa ya soyu, cikinsa kuma ya zauna da laushi da ruwa-ruwansa. A watannin farko na sayi nama a wurare daban-daban, amma duk lokacin da na sauke shi sai ya fito da tauri, haƙori ya gaji kafin ciki ya ƙoshi. Na ɗora wa wuta laifi, na sauya kasko, ban ga canji ba.

Ranar da na fara zuwa rumfarku, babban yaronka bai ɗauki wuƙa ba sai da ya tambaye ni, "Malam, miya za a yi ko gashi?" Da na kwatanta masa abin da nake so, sai ya ajiye cinyar da ke hannunsa ya yi mini bayanin da ban taɓa ji daga bakin mai sayarwa ba. Ya ce shanunmu, Bunaji da Rahaji da Bokolo, dabbobin tafiya ne, suna cin zango mai nisa wajen neman ciyawa da ruwa, don haka naman cinya da kafaɗa da wuya ya sha aiki, jijiya ta yi masa yawa, ba abin da ke tausasa shi sai doguwar dahuwa. Naman gashi na ɗan lokaci kuwa yana kwance a gadon baya, daga haƙarƙari zuwa ƙugu, sai kuma siririyar tsokar nan da ke ƙarƙashin ƙashin baya, wadda dabba ba ta wahalar da ita. Ya ƙara da cewa in ana son kitsen da ke ratsa cikin tsoka, sai a nemi san da aka turke aka ciyar da shi dusa da harawa, ba wanda aka koro daga daji kai tsaye zuwa kwata ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda kuka yarda kuka bar yankan da kuka saba domin wannan gashin. Al'adar kasuwa ita ce a sassara nama ƙanana haɗe da ƙashi a kasa shi kashi-kashi, kuma a nan ne mahauci ke samun sauƙin sayar da komai. Ku kuwa kuna zare mini gadon bayan da kyau, ku cire farar jijiyar da ke samansa, ku yanka shi a gicciye da kaurin yatsu biyu, kimanin santimita 3, ku bar masa siririn kitse a gefe. Na san wannan yana rage muku abin da za ku haɗa wa sauran masu saye, duk da haka ba ku taɓa ƙara mini farashi a ɓoye ba, ba ku kuma taɓa tauye mini sikeli ba. Akwai ranar da na zo da kuɗina a hannu, kai da kanka ka ce mini naman ranar na tsohuwar saniya ne, in haƙura har a shigo da shanu daga kasuwar Wudil ta ranar Juma'a. Ka bar ciniki ya wuce ka don kada in koma gida da abin da ba zai gasu ba, kuma wannan ranar ce ta sa na daina leƙa wata rumfa.

Daga wurinku na fahimci cewa naman da aka yanka da safe ba shi ne ya fi dacewa da gashin yamma ba, saboda tsoka tana sandarewa bayan yanka, sai ta kwana biyu ko uku cikin sanyi, tsakanin digiri 0 da 4 a ma'aunin Celsius, kafin ta saki. Da kuka ji wutar gidana ba ta zama, kuka ce za ku riƙa ajiye mini a firjinku har ranar da zan karɓa.

Yanzu aikin gida ya zama mai sauƙi. Ina tsane naman da tsumma mai tsabta, don jiƙaƙƙen nama dahuwa yake yi a kasko maimakon soyuwa, sannan in sa gishiri. Ina ɗora kaskon ƙarfe mai nauyi har ya fara hayaƙi kaɗan, in zuba kakiden da mai ɗakina ke narkarwa daga kitsen tozon da kuke ƙara mana, in shimfiɗa naman in bar shi minti uku ko huɗu ba tare da na taɓa shi ba, in juya ɗaya gefen. Dab da saukewa nakan jefa man shanu da tafarnuwa in riƙa kwarara masa da cokali. Na sayi ɗan ma'aunin zafi da ake cakawa a nama, kuma ba na saukewa sai tsakiyarsa ta kai digiri 63, wanda shi ne mizanin da hukumar aikin gona ta Amurka ta bayar ga yankin naman sa da ba a niƙa ba. Bayan haka sai ya huta minti biyar a faranti kafin wuƙa ta shige shi, in ba haka ba ruwansa a faranti zai ƙare.

A kan wannan ruwan ma kun kwantar mana da hankali. Mai ɗakina ta ƙi ci da farko, tana ganin jan ruwan da ke fitowa jini ne, alhali jini haramun ne gare mu. Kai ne ka aika mata cewa dabbar da aka yanka yadda shari'a ta tanada jininta ya kwarara tun a kwata. Daga baya na karanta cewa ruwa ne haɗe da wani sinadarin tsoka mai suna mayogulobin, wanda shi ke ba nama launin ja. Tun daga nan tare muke ci.

Gashin da ba ya daɗewa a wuta yana bukatar naman da aka amince da lafiyarsa, domin naman sa kan ɗauki ƙwayayen tsutsar ciki. A nan ma kun cancanci yabo, tunda ba ku karɓar nama sai wanda likitan dabbobi ya duba a kwata, kuna wanke teburi kafin ku shimfiɗa kaya, kuna rufe shi daga ƙuda, kuma wuƙar kayan ciki daban take da ta tsoka.

Ina roƙonka ka isar da godiyata ga yaran da ke fiɗa da masu wanke-wanke, waɗanda ban san sunayen yawancinsu ba amma ina cin amfanin hannunsu kullum. Allah ya ƙara albarka a sana'arku, ya tsare ku daga kaifin wuƙa da asarar kasuwa. Ranar Asabar zan zo bayan sallar azahar, a taimaka a ajiye mini yanka shida na gadon baya da rabin kilo na tozo.

Wassalam,
Naku, wani mai sayen nama a rumfarku, daga Kano.