A riƙa sa sunan mai ɗaukar hoto

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ni mai karanta jaridarku ne daga nan Damagaram, kuma da kamara nake cin abinci tun ina saurayi. Na fara a gidan talabijin zamanin kaset, daga baya na koma yawon ɗaukar hoton ƙasa da mutanenta. Abin da ya sa na rubuto shi ne wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a jaridu da tashoshinmu: a buga hoto, a sa sunan wanda ya rubuta labari, amma wanda ya sha rana ya ɗauko hoton ba a ambace shi ba. A tele ma haka ne. Ɗan rahoto zai rufe da sunansa, mai kamara ya naɗe wayoyinsa ya kama hanyar gida.

Wannan rashin suna yana yi mana illa, Malam Edita. Shi ya sa uba zai kawo mani ɗansa yana tambaya ko hoto sana'a ce da mutum zai riƙe iyali da ita. Ban ga laifinsa ba, domin bai taɓa ganin an girmama mai yin ta ba. A ganinsa danna maɓalli ne kawai, kuma yau kowa na da salula a aljihu.

To bari in faɗi abin da ke cikin aikin. A ɗauki hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram a Birni. Rana ta take, manyan riguna farare fat, fuskoki kuma suna cikin inuwar rawani. Idan ka buɗe wa kamara ido don fuska ta fito, riga ta ƙone ta zama farin fili, aikin zare duk ya ɓace. Idan ka rage don riga, sai fuskar ta nutse cikin duhu. Dole ka san inda rana za ta kasance lokacin da Sarki zai fito, ka kama wurinka tun da safe, ka gwada launi da farar takarda, ka kafa ƙafar kamara inda doki ba zai bi ta kanka ba. Ga ƙura da dawakai ke tayarwa, ga kakaki da algaita da tambura, ga harbin bindiga da ke toshe makirfo in ba ka rage ƙarfinsa ba. Kuma ba a ce wa mahayi ya koma ya sake sukuwa don kai ba ka shirya ba. Haka abin yake a hawan ƙaho na mahauta, haka a filin kokowar takobin ƙasa, inda kaye ke faruwa kafin ƙiftawar ido.

Hoton tele yana tafiya ne hoto 25 a daƙiƙa guda, kuma duk ɗan rawar hannu sai ya fito. Abin da na fara koya wa yaran da ke bina shi ne su tsaya cik, su ƙirga goma a zuci kafin su motsa. Su ɗauko filin gaba ɗaya, su matso su ɗauko mutum, sannan su ɗauko hannunsa ko idonsa, don mai montaj, wato mai yanka hotuna yana jera su, ya samu abin haɗawa. Yaron da ke lilo da kamara hagu da dama ya kawo wa mai montaj ciwon kai ne. Sai kula da kaya. Da hunturu ba a cire gilashin kamara a waje, ƙura za ta shiga ciki ta zauna. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kamara kan ɗauki zafi ta mutu a hannunka, ga ɗaukewar wuta da daddare lokacin da kake son cika batir.

Hoton da ake ɗauka wajen tafiye-tafiye kuwa rabinsa ladabi ne. Daga nan zuwa Agadas ta Tanut kusan kilomita 450 ne, kuma duk garin da ka sauka sai ka fara gaida mai gari kafin ka fito da kamara. Ba a ɗaukar matan mutane ba izini, ba a ɗaukar malami yana tsakiyar karatu sai ya yarda. A Ingal, wajen taron shan gishiri na watan Satumba, na fi samun hoto mai kyau a wurin mutanen da na zauna na sha shayi da su tukuna. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 kowa ya ɗauke ta, musamman tun da UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, amma wanda ya jira la'asar sakaliya shi ke samun jan ƙasar yadda yake. Ba sai an yi nisa ba ma. Majemar Damagaram, kasuwar Dole ran Alhamis, zanen bangon gidajen Birni da Zango, garakan Miriya, duk suna nan suna jiran mai ido.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne tarihi. Damagaram ce babban birnin Nijar har 1926, amma hotunan garin na wancan zamani akasarinsu Turawa suka ɗauka, kuma abin da ya burge su suka ɗauka. Masu hoton gargajiya da suka yi wa iyayenmu hoton aure da na katin ɗan ƙasa, sunayensu na ɓacewa, fim ɗinsu zafi da gara na cinyewa. A Mali, duniya ta san Seydou Keïta da Malick Sidibé domin aikinsu ya tsira tare da sunansu, har Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na birnin Banis a Italiya a 2007. Mu ma ba mu rasa gwanaye ba. Ƴar garin nan Aisha Macky ta kai labarin matasan unguwar Kara-Kara gaban duniya a fim ɗinta na 2021, kuma kowa ya san aikin wace ce.

Ba zan ruɗi matasa ba, kuɗin sana'ar ba su zuwa da sauƙi. Ƴan yawon buɗe ido sun ja baya saboda matsalar tsaro, kaya na da tsada, yawancinmu da bikin aure da suna da aikin ƙungiyoyin agaji muke cike giɓi. Mai son karatun abin akwai makarantar koyon aikin jarida da sadarwa a Yamai, wadda a da ake kira IFTIC, sai dai kusan kilomita 900 ne daga nan, ba kowane uba ke iya ɗaukar nauyin ba. Don haka ina roƙon tashoshin da ke da ofis a Damagaram su riƙa karɓar yara koyon aiki, maza da mata. Mata musamman, domin akwai ɗakin amarya da zauren mata da namiji ba zai shiga da kamara ba.

Daga gare ku kuma, Malam Edita, abin da nake nema layi ɗaya ne ƙarƙashin kowane hoto, da sunan wanda ya ɗauka. Idan hoton ta WhatsApp ko Facebook ya iso muku, ku bincika mai shi, ku nemi izininsa, ku biya shi abin da ya sawwaƙa. Da wannan layin yaro zai nuna wa mahaifinsa aikinsa, da shi wani zai neme shi ya ba shi kwangila, da shi kuma zai iya zuwa ofishin kare haƙƙin mallaka na BNDA idan an sace masa hoto.

Na gode da filin da kuka ba ni. Wassalam.

Naku,
Wani mai ɗaukar hoto,
Unguwar Zango, Damagaram