Wasiƙa Ga Abokan Cinikinmu Masu Mota Mai Turbo: Batun Baƙin Mai da Lokacin Juye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Muna gaida iyayenmu da 'yan'uwanmu, alhazai da hajiyoyi, da direbobin da ke kawo mana motocin iyayen gidansu. Allah Ya saka da alheri bisa amanar da kuke ba wannan gareji.

Abin da ya sa muka rubuto muku shi ne, motocin da ke shigowa ta Kwatano da Legas a 'yan shekarun nan da yawansu ƙaramin inji ne mai turbo: Honda CR-V daga 2017 da Accord daga 2018 masu injin lita 1.5, Ford masu EcoBoost, Volkswagen masu TSI, Lexus NX200t, Mercedes C300 daga 2015. Ga kuma Hilux da Prado na dizal da Peugeot HDi da muka daɗe da sani. Amma har yanzu ana kula da su kamar tsohuwar Corolla, wadda ko an makara da juye sai ta yi haƙuri. Turbo ba ya wannan haƙurin. Yawancin waɗanda ake cirewa a jefar, matsalar mai ce ta kashe su: ko man bai iso ba, ko ya iso da datti, ko ya ƙone a ciki.

Ga yadda abin yake. Turbo na'ura ce mai farfela biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya farfela ɗaya, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗaya bakin sanda, wadda ke tura iska cikin inji. Sandar nan kaurinta kamar na fensir ne, kuma tana iya yin juyi sama da 150,000 a minti guda, a lokacin da shi injin bai wuce 3,000 ko 4,000 ba. Gefen hayaƙin, a motar fetur da ke jan kaya ko hawa tudu, zafinsa na kaiwa digiri 900. A yawancin turbo sandar ba ta zaune a kan boris. Tana shawagi ne a cikin bush, wato zoben ƙarfen da ke kewaye da ita, a kan wani siririn shimfiɗin mai da bai kai kaurin gashin kai ba. Man nan shi ne ke hana ƙarfe taɓa ƙarfe, shi ne kuma ke kwashe zafi. In ya yanke na 'yan daƙiƙoƙi ana cikin gudu, bush ya cinye, farfela ta fara gogar jikin gidanta, shi ke nan.

Man yana zuwa ta wani siririn bututun ƙarfe daga jikin inji, a ɗaure da noti mai rami a tsakiya da washa biyu na tagulla. A wasu injinan akwai 'yar ƙaramar rariya a cikin notin. Bututun nan yakan bi ta kusa da inda hayaƙi ke fita, don haka man da ke cikinsa ke fara dahuwa ya zama gawayi, ramin yana ƙanƙancewa a hankali. Abin takaicin shi ne fitilar mai ba za ta kama ba, domin ita ƙarfin man da ke cikin inji take aunawa, ba ta san abin da ke faruwa a cikin wancan bututun ba. Mai mota yana tafiya hankali kwance, turbo yana shan ƙishirwa.

Bututu na biyu, mai faɗi, shi ke mayar da man cikin kwanon ƙasan inji. Ba famfo ke tura shi ba, gangara kawai yake yi. In bututun ya lanƙwashe ko ya toshe, ko an zuba mai ya wuce layin sama na geji, ko bututun numfashin inji ya toshe iska ta taru a ciki, man ba zai samu hanyar sauka ba, sai ya kutsa ta zoben da ke bakin sanda ya shiga salansa ko hanyar iska. Nan za ku ga shuɗin hayaƙi, a ce muku turbo ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau. Filtar iska da ta cushe da ƙurar hunturu ma tana jawo irin wannan, don turbo yana zuƙa bai samu iska ba, sai ya zuƙo mai. Kafin ku yarda a sayo muku wani, a duba waɗannan huɗun tukuna.

Akwai injinan da aka san su da wannan ciwo, kuma suna nan a titunanmu. Injin dizal na 1.6 HDi da ke cikin Peugeot 307 da 308 da Partner, wanda Ford ma ta yi amfani da shi da sunan TDCi, mansa duka bai cika lita huɗu ba. In washar tagulla da ke ƙarƙashin injekta ta fara yoyo, hayaƙi yakan kutsa ya haɗu da mai, ya zama kamar kwalta, ya toshe rariyar famfon mai da ta cikin notin turbo. Injin D-4D mai lita 3 na Hilux da Prado shi ma yana da wannan hali na washar injekta da toshewar rariyar famfo, kuma a nan ba turbo kaɗai ke tafiya ba, har injin. Passat da Audi A4 masu 1.8T kuwa taruwar laka a cikin kwanon mai ce ta yi musu suna, musamman waɗanda aka riƙa zuba wa mai mara inganci. Duk wanda ya sa sabon turbo a ɗaya daga cikin waɗannan bai buɗe kwanon ƙasa ba, ya shirya sayen na uku.

To, yaushe za a yi juye?

Littafin mota yakan zo da jadawali biyu, ɗaya na tuƙin yau da kullum, ɗaya na tuƙin wahala, kuma na biyun yawanci rabin na farko ne. Abin da littafin ke kira wahala shi ne ƙura, da zafi mai tsanani, da gajerun tafiye-tafiye, da daɗewa a tsaye inji na aiki, da jan kaya. Duk wanda ke tuƙi a Kano ko Maiduguri ko Maraɗi, a jadawali na biyu yake ko ya sani ko bai sani ba. Tsarin nan na Turai da wasu motoci ke zuwa da shi, wanda kan kai har kilomita 30,000 ko shekara biyu, an yi shi ne don wasu tituna da wani mai. Ku manta da shi.

Abin da muke ba da shawara: motar fetur mai turbo da ke yawo a cikin gari, kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Wadda aikinta doguwar hanya ce, irin Kano zuwa Abuja, da sahihin man sintetik, za ta iya kaiwa 7,500. Motar dizal da ke shiga ƙauye da gona da hanyar burji, 5,000, in kuma aikin kullum take yi kada a wuce wata uku zuwa huɗu. Filtar mai ana canja ta a kowane juye, babu zancen tsallake ɗaya.

Wani zai ce ai motarsa ba ta zuwa ko'ina, daga gida sai kasuwa sai makarantar yara. Wannan ita ce ta fi wahalar da mai. Ku yi lissafi: motar da ke rarrafe a cunkoso a kan kilomita 20 a awa, kafin ta cika 5,000 injinta ya yi aikin awa 250. Wadda ke kan babbar hanya a kan 80 a awa, awa 63 ya ishe ta. Ba a ma sa awannin da direba ke zaune a ƙofar ofis da na'urar sanyi a kunne ba, waɗanda mitar kilomita ba ta ƙirga su sam. Ga shi a gajerar tafiya mai ba ya yin zafin da zai kori fetur da raɓar da suka sauka cikinsa. Injinan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin 1.5 na Honda, sun fi yawan yin haka. In kun zaro geji kun ga mai ya ƙaru maimakon ya ragu, yana kuma warin fetur, lokacin juye ya yi ko nawa mita ta nuna.

Sai wani kuskure da ya zama ruwan dare. Motocin Amurka mil suke ƙirgawa. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka wanda aka ce masa "dubu biyar" ya jira mitarsa ta ƙara 5,000, a zahiri kilomita 8,000 ya yi. A irin wannan mota ku riƙe mil 3,000. Daga yanzu takardar da muke liƙawa a jikin ƙofa za ta zo da lambar da za ku gani a mitarku da kuma kwanan wata, don kada a yi ruɗani.

Launi ba ma'auni ba ne. Man injin dizal yakan yi baƙi bayan 'yan kwanaki da juye, aikinsa ke nan na riƙe toka. Murza shi tsakanin yatsu ma ba ya gaya wa kowa komai.

Batun irin man, nan ne muke yawan jayayya da wasunku. An saba da cewa ƙasarmu da zafi, sai mai kauri, 20W-50. A tsohuwar motar da ta sha hanya wannan yana da hujja. A injin da aka rubuta 0W-20 ko 5W-30 a kan murfinsa, mai kauri yana jinkirin isa turbo da safe, ya wuce ta siririn bututu da ƙyar, bai kuma kwashe zafi yadda ya kamata ba. Ku bi abin da littafi ya ce, ku kuma duba bayan galan. Motar fetur mai turbo da fesa kai tsaye tana son mai mai lambar inganci API SP, wanda ya fito a 2020, ko aƙalla SN Plus na 2018. An fitar da su ne saboda wata irin fashewar fetur kafin lokaci da ke iya fasa fistin in an taka totur da ƙarfi inji yana ƙasa-ƙasa. Motocin Jamus suna da lambobinsu, kamar VW 502 00 ko MB 229.5, sai a nemi galan mai ɗauke da lambar da littafin ya ambata. Man awo da ake ɗurawa a kwalba a bakin titi, da galan da aka sake cikawa aka liƙe, ba ma zuba su. In za ku zo da naku man, ku zo da shi a rufe daga wurin dillalin da kuka sani. Haka filta: ta jabu sau da yawa ba ta da bawul ɗin da ke riƙe mai in an kashe mota, don haka kowace safiya turbo zai yi 'yan daƙiƙoƙi a bushe.

Direbobi, wannan naku ne. Da safe, bayan tayarwa, a ba ta rabin minti zuwa minti ɗaya, sannan a tafi a hankali har allurar zafi ta motsa. Ba a buƙatar ɗumama ta minti goma. Bayan doguwar tafiya ko gudu, a sassauta a kilomita biyu-ukun ƙarshe, a bar ta minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, musamman in daga babbar hanya aka faɗo gidan mai kai tsaye. Da an kashe inji famfon mai ya tsaya, amma zafin gefen hayaƙi yana nan yana ratsa sanda, sai ya soya ɗan man da ya rage a cikin bush. Wasu sababbin motoci suna da ƙaramin famfon ruwa na lantarki da ke ci gaba da aiki bayan an kashe, wannan ya rage haɗarin amma bai kawar da shi ba. Ita kuwa al'adar buga totur sau biyu kafin a murɗa makulli, don Allah a daina: an tayar da turbo zuwa sama, an kuma yanke masa mai a lokaci guda.

Kada kuma a yarda a wanke cikin inji da kananzir ko gas. Yana ɓamɓaro laka ta tafi ta zauna a kan rariyar famfo. In inji ya yi datti, kwanon ƙasa ake cirewa a wanke da hannu, sannan a yi juye biyu a jere bayan kilomita 1,000 kowanne.

Ga tsarin da za mu bi daga wannan wata a duk aikin canja turbo, kuma garantinmu ya rataya a kansa. Za mu sa sabon bututun kawo mai da sabon noti da sababbin washa, don gawayin da ke cikin tsohon ba ya fita da hurawa ko jiƙawa a fetur. Za mu cire kwanon ƙasa mu duba rariyar famfo, a dizal kuma mu duba washar injekta. Za mu auna ƙarfin mai da geji. Ba ma shafa gam ɗin silikon a bakin bututun turbo, don ɓarɓashinsa ke shiga ya toshe rami. Za mu sauke intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ke turawa, da tiyoyinta mu wanke man da ya taru. A dizal wannan ba abin wasa ba ne, injin yana iya zuƙar man nan ya riƙa gudu da kansa ko an zare makulli. Kafin tayarwa za mu cika bakin sabon turbo da mai mu juya farfela da hannu, mu yanke fetur mu buga sitata har fitilar mai ta mutu, sannan mu bar shi a silo na 'yan mintoci. A 1.6 HDi mukan kuma tara man da ke fitowa ta bututun komawa na minti ɗaya. In bai kai kusan sulusin lita ba, motar ba za ta fita ba sai an gano dalili.

Wannan zai ƙara kuɗin aiki, ya kuma sa motar ta kwana a wurinmu, mun sani. Za mu nuna muku tsohon bututun da rariyar da idonku kafin mu jefar. Wanda ya sayi mota bai san tarihin juyenta ba, ya kawo ta a yi mata juye nan take, mu leƙa ƙarƙashin murfin mai, mu cire tiyon iska mu taɓa farfela mu ji ko tana rawa gaba da baya. Wannan dubawar ba ma karɓar kuɗinta.

Allah Ya kiyaye hanya.

Naku,
Shugaban gareji da dukkan ma'aikata