Wasiƙa zuwa Daura daga ƙasar Aislan

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa cikin ladabi, ina fatan kuna lafiya, damina kuma tana tafiya yadda ake so. Ni ma lafiya nake, aiki sai godiya.

Dalilin wannan takarda shi ne in ba ku labarin wani kwari da na je ranar Asabar, wanda ake kira Rekyadalur, wato kwarin tururi da harshen mutanen nan. Daga Rekyabik, babban birnin ƙasar, inda nake zaune zuwa garin Hveragerdi kilomita 45 ne, kuma a bayan garin mota take tsayawa, sai mutum ya taka wajen kilomita 3 da ƙafarsa, yawancinsu hawan tudu, babu gida babu inuwar itace, sai tumaki suna kiwo. Awa guda muka yi.

Tun kafin mu isa warin farar wuta ya tarye mu, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. A gefen hanya na ga ramuka da taɓo yake tafasa a cikinsu yana ɓulɓul kamar talgen tuwo, kuma an hana kowa sauka daga turba, domin zafin wasu ya kai maki 100 a ma'aunin Selsiyos, wato zafin tafasar ruwa. Asalin abin shi ne ruwan sama da na ƙanƙara yana nutsewa har ya tarar da duwatsu masu zafi a ƙarƙashin ƙasa, sa'annan ya dawo sama da zafinsa. Da irinsa ake ɗumama kusan gida 9 cikin 10 a ƙasar nan.

A can cikin kwarin ruwan zafin yake haɗuwa da ƙorama mai sanyi, wanda ya haura sama ya ji ƙuna, wanda ya gangara ya sami ɗumi. Maza da mata a haɗe suke wanka, shi ya sa na matsa can nesa da rigata, na zauna a kan tsakuwa. Iska tana yankan kunnena, ruwan kuwa ya fi na Wikki da ke Yankari zafi, wanda yake tsaye a maki 31.

Inna, ke na tuna a wurin nan. Na tuna yadda kike tashi kafin kiran assalatu da hunturu, ki hura kara ki ɗora tukunya don ruwan alwalar Baba, hayaƙi yana sa idonki hawaye, ga shi nan kuwa ƙasa ce take dafa ruwa ba itace ba ashana. Abin ya tsaya mini a rai har na sauko.

Saboda haka na tura wa Auta kuɗi ya sayo tukunyar gas da murhunta kafin sanyi ya shigo. Baba, ina roƙo ku sa baki ta yarda ta yi amfani da ita, domin na san tana tsoron gas. Auta zai nuna mata yadda ake kunnawa da rufewa.

A gaishe da su Gwaggo da dukan mutanen gida. A ci gaba da sa mini albarka.

Wassalam,
ɗanku.