Gwajin Manhaja da Sassan Bogi Kaɗai Ba Ya Wadatarwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu in ja hankalin matasa masu koyon rubuta manhaja kan wata dabara da suka runguma hannu bibbiyu, wato maye gurbin sassan manhaja da na bogi, waɗanda masu sana'ar ke kira mok, a lokacin gwajin sashe-sashe.

Dabarar tana da tushe mai kyau. Idan aka tsara manhaja ta yadda sashe ba ya ƙirƙiro abin da ya dogara da shi, sai dai a miƙa masa daga waje, to a wurin gwaji ana iya zare rumbun bayanai ko sashen biyan kuɗi a dasa na bogi, wanda zai amsa nan take ba tare da intanet ba, kuma ba a taɓa kuɗin kowa ba. A shekarar 2000 wasu ma'aikata uku daga Landan suka gabatar da ita a wani taro a Italiya, yanzu kuwa kayan aikin ƙirƙirar mok irin su Mockito a harshen rubuta manhaja na Java da unittest.mock, wanda ya shiga harshen Python a 2012, sun mayar da ita ruwan dare.

Sai dai na bogi aku ne, abin da ka koya masa shi zai maimaita maka. Bara na rubuta wa wani shago manhajar karɓar kuɗi, na koya wa na bogin cewa duk lokacin da aka tura masa 5000 ya amsa an biya naira dubu biyar. Gwaje-gwaje duka suka fito kore, alamar cewa komai daidai ne. Ashe kamfanin biyan kuɗin da kwabo yake lissafi, saboda haka a ranar farko wani ya ɗauki kayan dubu biyar aka cire masa naira hamsin. Har yau ina ganin mai shagon yana duba wayarsa, yana sake duba rasit, bai ce mini uffan ba. Gurguwar fahimtata na zuba wa na bogin, shi kuma ya gaskata ni.

Don haka nake roƙon malaman da ke koyar da wannan fanni su riƙa nuna wa ɗalibai cewa tsarin wani kamfani, wanda ba su suka rubuta shi ba, dole ne a ware masa ko da gwaji biyu ko uku da za su yi magana da shi kai tsaye ta asusun gwajin da irin waɗannan kamfanoni ke bayarwa, kafin a miƙa wa mai aiki manhajarsa.

Naka,
Wani mai rubuta manhaja,
Kano.