A Riƙa Tambayar Yadda Aka Tsara Matatar Mai da Yadda Ake Kula da Ita

Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani abu da ya daɗe yana tsaya mini a rai. A duk lokacin da aka kawo labarin matatar mai ko masana'antar sarrafa iskar gas, abin da ake cika shafi da shi shi ne ganga nawa za ta tace a rana, da nawa aka kashe wajen gina ta, da wanda ya yanke ƙyallen buɗe ta. Ni da na yi shekaru ina aikin dare da rana a irin wannan wuri, na san cewa ran ma'aikata yana rataye ne a kan wasu tambayoyi biyu da ba a cika yi ba, wato me masu zanen suka tanada domin ranar da wani abu zai lalace, kuma wa ke kula da wurin bayan baƙi sun watse.

Abin da ke fitowa daga rijiya gauraye yake, mai da gas da ruwan gishiri, wani lokaci har da yashi. Ana fara shigar da shi wata babbar tukunya inda ruwa ke kwanciya a ƙasa, mai ya hau kansa, gas kuma ya tashi sama. Daga nan sai a tsane gas ɗin, domin idan aka bar danshi a cikinsa yana iya daskarewa kamar ƙanƙara ya toshe bututu, sannan a cire masa wata iska mai guba da ke ɗauke da farar wuta. Wannan iska tana warin ruɓaɓɓen ƙwai idan kaɗan ce, amma idan ta yi yawa sai ta kashe jin warin gaba ɗaya, mutum ya ɗauka ta wuce alhali a lokacin ne take shirin kayar da shi. A matata kuwa ana dafa ɗanyen mai ya haura digiri 350 kafin ya shiga doguwar hasumiyar da ke raba shi, masu sauƙi irin fetur su fita ta sama, kananzir da dizal ta tsakiya, masu nauyi su sauka ƙasa. Gas ɗin da za a loda wa jirgin ruwa kuma sanyaya shi ake yi zuwa digiri 162 ƙasa da sifili, ya koma ruwa, girmansa ya ragu kusan sau 600. Duk wanda ya dubi wannan zafi da wannan sanyi zai gane cewa ƙarfen da ke tsakaninsu da mutane ba abin wasa ba ne.

A ranar 6 ga Yuli, 1988, dandalin haƙar mai na Piper Alpha da ke Tekun Arewa, kusa da Birtaniya, ya kama wuta, mutum 167 suka rasu. Masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya, wato wanda ke buɗewa ya rage matsi idan ya yi yawa, daga jikin ɗaya daga cikin famfuna biyu domin gyara, ba su gama ba, suka toshe bakin bututun da faifan ƙarfe na wucin gadi. Da dare ɗaya famfon ya tsaya, masu aikin dare kuma, da yake ba su san an cire bawul ɗin ba, suka kunna wanda ake gyarawa. Takardar da ke ɗauke da wannan bayani tana nan a rubuce, sai dai ba ta kai ga idon wanda ya danna maɓalli ba. Zanen wurin ma ya ƙara wa gobarar ƙarfi, domin tun farko an gina dandalin ne don mai, daga baya aka ƙara masa aikin gas, bangayen da ke raba sassansa kuma an yi su ne don tare wuta, ba su iya jure fashewa ba.

A matatar Texas City da ke Amurka, ranar 23 ga Maris, 2005, an cika wata hasumiya fiye da kima yayin tayar da ita bayan gyara, ma'aunin da ke nuna tsayin man da ke cikinta kuma yana ba da lissafin da ba daidai ba. Man ya yi ambaliya ta wani bututu da ke buɗe ga sararin sama, maimakon a kai shi inda ake ƙone rarar gas. Mutum 15 suka mutu, kimanin 180 suka jikkata, kuma waɗanda suka mutun suna ciki ko kusa da ofisoshin wucin gadi da aka ajiye dab da wurin. Wani ne ya amince a ajiye su a can, a ranar da komai ke lafiya. Haka nan a masana'antar gas ta Longford da ke jihar Victoria ta Ostireliya a 1998, wata na'urar musayar zafi ta yi sanyin da ya sa ƙarfenta ya yi gautsi, aka mayar mata da mai mai zafi, ta tsage. Mutum 2 suka rasu, jihar Victoria ta yi kusan mako biyu babu gas, binciken da aka yi kuma ya nuna ba a koya wa ma'aikatan haɗarin da ke cikin irin wannan sanyi ba.

Ni ma na taɓa ganin ƙaramin misalinsa da idona. Wani dare allon ɗakin kula ya nuna mini cewa ruwan da ke cikin tukunyar rabawa yana tsaye a rabi, awa ɗaya, awa biyu, bai motsa ba. Wani dattijo da muke aiki tare ya leƙo ya ce, "Yaro, ruwan da ke gudu ba ya tsayawa cak haka, ɗauki tocila mu je." Da muka isa, muka haska gilashin da ke jikin tukunyar, sai ga ruwa ya kusa kai ƙarshensa. Ma'aunin ne ya maƙale, kuma an rubuta buƙatar gyaransa tun makonni da suka wuce, ana ta ɗagawa. Da ruwan ya tsallaka cikin injin matse gas, wanda ba a yi shi don ya haɗiyi ruwa ba, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Har yau ina tuna yadda hannuna ke rawa a kan bawul ɗin da na buɗe.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ake ɗage babban gyaran da ake tsayar da matata dominsa, saboda kowace ranar tsayawa asara ce a idon masu lissafi, tsatsa kuwa tana cin bututu daga ciki, musamman a ƙarƙashin rufin da ke riƙe zafi inda ido ba ya kaiwa. Haka kuma ƙararrawar gargaɗi idan ta yi yawa, tana kaɗawa ɗaruruwa a awa guda, ma'aikaci yakan saba da kashe ta ba tare da ya karanta ba.

Saboda haka, Malam Edita, ina roƙon wakilanka idan sun je irin waɗannan wurare su tambayi yaushe aka yi babban gyara na ƙarshe, da na'urorin kariya nawa aka tsallake ake aiki babu su, da kwana nawa ma'aikaci ke jerawa kafin ya huta, da nisan da ke tsakanin ofisoshi da hasumiyoyi. Su kuma nemi a nuna musu yadda mai aikin rana ke miƙa wa mai aikin dare takardun izinin gyaran da ba a kammala ba.

Na gode.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin masana'antar gas